Abin da Mutari Ya Ji a Bakin Mutanen Norwe

Shekara bakwai ke nan da muka sa ƙanena Mutari a makwancinsa, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta da ke bayan garin Lyon. Duk shekara idan sanyin nan ya kama, sai in ce bana kam zan zauna in rubuta wani abu a kansa, sai kuma in rasa ta inda zan kama. Da likita ne, da na ce ga waɗanda ya yi wa magani. Da ɗan kasuwa ne kamar ni da maigidana, da na nuna shago. To Mutari shekarunsa shida na ƙarshe ya ba da su ne ga tambaya guda: idan mutanen ƙasar Norwe suka haɗa kalma biyu ta zama ɗaya, a ina ake yanka ta gaɓa-gaɓa, kuma a kan wace gaɓa murya ke sauke nauyinta. Na rubuta wannan yanzu, na sake karantawa, kuma wallahi ko yau aka ce in yi wa Innarmu bayaninsa a waya, ba zan iya ba.

Ni ce babbar yayarsa, shekara tara tsakaninmu. A Damagaram aka haife mu. Shi ya zo duniya da ciwon amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila, kuma tun yana rarrafe ni ce mai goyonsa. Idan ciwon ya tashi, ni ke ɗumama ruwa in jiƙa tsumma in bi gaɓoɓinsa ina dannawa, yana cije baki don kada Inna ta ji. Ba mai kuka ba ne. Abin da yake yi a irin wannan lokaci shi ne sauraro. Yana kwance zai ce mini mai tallan nono da ta wuce ba wadda ta saba zuwa ba ce, ko kuwa baƙon Baba mutumin Tawa ne, tun daga sallamarsa. Mu dai dariya muke yi, muna cewa wanda ƙafa ta hana yawo, kunne ke kai shi gari.

Aure ya kawo ni Faransa. Muna zaune a Stains, kusa da Paris, muna da ɗan shagonmu na shadda da atamfa a unguwar Château Rouge, cikin Paris. Bayan shekaru Mutari ya samu gurbin karatu a Lyon, kuma abin da ya zo karantawa ilimin na'ura ne. Gida duka an yi murna, don aiki ne na zama a kan kujera, daidai da jikinsa. Inna ta damƙa mini amanarsa a waya, ta ce, «Ke ce uwarsa a can.» Na ce ai dama can ni ce.

A shekararsa ta biyu ne abin ya juya. An ce ɗalibai su zaɓi wani darasi na cike gurbi, ya zaɓi na sautukan harsuna, don lokacinsa bai ci karo da ranar ganin likitansa ba. Wata rana malamin ya kunna musu muryar wata mata tana faɗin kalma biyu na harshen Norwe, ya tambaya ko akwai wanda ya ji bambanci. Ɗaya ana rubuta ta bønder, wato manoma, ɗayar bønner, wato wake. Turawan ajin duk suka ce abu ɗaya suka ji. Mutari ya ce shi har dariya ta kama shi, don a kunnensa bambancin a fili yake kamar rana. Ya ɗaga hannu. Malamin ya ɗauka sa'a ce, ya sake kunnawa yana jujjuya su, sau wajen ashirin, bai kuskure ko ɗaya ba.

Da ya zo hutu ya same ni a shago ina auna wa wata mata yadi, ko jakarsa bai ajiye ba ya ce, «Yaya, ce wuya.»

Na ce wace wuya kuma?

«Yauwa! Kin gani? Sai da kika tambaya. Wuyan da ake sa wa sarƙa daban, wuyar da ake sha daban, alhali baƙaƙen ɗaya ne. Murya ce ke hawa ko ta sauka. To su ma haka suke yi. Can ƙarshen duniya, cikin ƙanƙara, akwai Turawa masu yin abin da muke yi.»

Na ce to madalla, Allah ya bar zumunci, ya matsa mini in yanka yadi. Na ɗauka zumuɗin sabon abu ne, zai wuce. Da shekara ta zagayo sai ga shi ya bar ilimin na'ura kwata-kwata, ya koma sashen nazarin harshe.

Ban ɓoye wa Inna ba, amma ban san yadda zan faɗa mata ba. Da na gama kame-kamena sai ta ce, «To su mutanen, ba su san yarensu ba ne, sai Mutari ya je ya gaya musu?» Na kai masa tambayar yadda ta zo. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in gaya mata ita ma ta fi shekara sittin tana dafa-duka, amma ba ta taɓa lura cewa idan ta ce wa mutum «dafa duka», muryarta daban take tafiya da lokacin da take kiran sunan abincin ba. Ya ce kalma idan ta auri wata, takan sauya hali, kuma shi wannan sauyin yake bi. Na gwada faɗin su biyun a bakina, na ji kamar da gaskiyarsa, na kuma ji kamar wayo yake yi mini. Inna kuwa cewa ta yi a gaya masa ya riƙa sa rigar sanyi.

Yanzu idan na tuna, ba wai bai yi ƙoƙarin fahimtar da ni ba ne. Ya yi, har ya gaji. Ya ce su mutanen Norwe idan suka haɗa kalmomi manne su suke yi a rubuce, babu fili a tsakani, kuma nauyin murya yakan faɗa a kan ta farko, ta biyun ta bi ta a baya a hankali. Idan mutum ya raba su, ko ya ba kowacce nauyinta, magana ta lalace. Ya rubuta mini røykfritt a bayan wani kwali, ya ce wannan na nufin an hana shan taba a nan; ya sa fili a tsakiya ta zama røyk fritt, ya ce yanzu kuma ta koma «sha tabarka yadda kake so». Na gane wannan, har na yi dariya. Abin da ban gane ba shi ne, tun da an riga an san haka, me ya rage da zai ci shekara shida? Sai ya ce ai a nan aikin ya fara: wasu haɗaɗɗun kalmomin suna ɗaukar karin «manoma», wasu na «wake», kuma ba kowane lokaci ake iya cewa ga dalili ba. Daga nan nake ɓacewa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu magana, amma ni ban taɓa ganin wanda kiwon iska ya karɓa ba sai ƙanena.

Ga wani abin da har yau yake ɗaure mini kai: bai taɓa taka ƙasar Norwe ba. Likitocinsa sun ce sanyi abokin gabarsa ne, ya bari sai da zafi, kuma kowace shekara idan zafin ya zo, ko dai yana kwance ko wani abu ya gitta. Norwe ɗinsa duka a cikin falon wata tsohuwa take, Madam Turid, 'yar wajen Oslo da ta auri Bafaranshe tun tana budurwa, mijin ya rasu ya bar ta a wani tsohon bene a kan tudun Lyon. Duk ranar Alhamis da hantsi yakan hau matakalarta, ya kunna na'urar ɗaukar murya, ta yi ta karanta masa kalmomi yana rubutu. A lokacin sunanta kawai nake ji, kuma ban ɓoye ba, haushinta nake ji. Gani nake yi ita ce ta riƙe shi.

Abin da ya sa na daɗe ban yi wannan rubutu ba, shi ne abin da ya faru a babbar Sallarsa ta ƙarshe. Bai fi mako biyu da fitowa daga asibiti ba, ya rame, idanunsa sun yi ɗorawa. Kafin nan wani abokin maigidana ya samo masa aiki a wani kamfani a Paris, aikin zama, kusa da mu, inda zan riƙa ganinsa kullum. Ya yi godiya ya ce a'a, saura masa shekara guda ya gama kundinsa. Na haɗiye. Ranar Salla da azahar muna zaune a falo, na kawo cinyar rago gasasshiya na ajiye a gabansa. Sai ya yi murmushi ya ce wa maigidana, a harshen Norwe wannan sunanta lammelår, amma in ka raba kalmar biyu, ka ce «shanyayyun cinyoyi» ke nan. Maigidana ya yi dariya. Ni kuwa na dubi ƙafafunsa da na yi shekaru ina dannawa da tsumma.

Na ce, «Mutari, kai fa ka san kwanakinka ba irin na kowa ba ne. Ban yi rainonka don ka ƙarar da ɗan abin da ya rage maka a bakin mutanen da ba su san kana duniya ba.»

A gidanmu ba a taɓa faɗin wannan ba. Kowa ya sani, tun yana yaro, amma ba wanda ya taɓa buɗe baki ya faɗa, kuma ni da na fi kowa sanin zafin abin, ni ce na faɗa. Magana zarar bunu ce. Bai yi fushi ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da cin namansa har ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya ce, «Na gode, Yaya, nama ya yi daɗi.» Da la'asar ya ce ya tuna yana da aiki, ya bi jirgin ƙasa ya koma Lyon, alhali kwana uku ya zo yi.

Wata biyar muka yi muna gaisawa a waya kamar maƙwabtan da ba su saba ba. Ina kwana, ya jiki, da sauƙi, a gaida maigida. Na sha ɗaukar waya da niyyar in ba shi haƙuri, sai girman kai ya ce mini ai gaskiya na faɗa, kuma ni ce babba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, haka nake gaya wa kaina, zai wuce. Da sanyi ya tsananta aka kira ni daga asibiti da safe, na rufe shago na kama hanya. Na same shi da abin numfashi a fuska, magana da ƙyar. Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini abin da na faɗa ranar Salla. Ya ce, «Ba komai.» Haka kurum, irin yadda kake ce wa wanda ya taka maka ƙafa a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sannan ya jawo ni kusa, na ɗauka wasiyya zai yi, sai ya ce in kira Madam Turid in gaya mata ba zai samu zuwa Alhamis ɗin nan ba. Washegari kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Shekararsa talatin da biyu.

Shekara bakwai ina juya «ba komai» ɗin nan. Wani lokaci in ji yafiya ce cikakkiya, irin ta wanda abin bai ma tsaya masa a rai ba. Wani lokaci in ji rufe ƙofa ce. Shi da ya iya jin bambancin da kunnen kowa ba ya ji, ya bar ni da kalma biyu na harshenmu da na kasa gane karinsu.

Bayan wata uku malaminsa ya kira ni. Ya ce aikin Mutari ya kusa kammala, kuma akwai abin da ya gano da bai kamata ya tafi a banza ba, amma sun maƙale: a cikin kayensa, wato littattafan da yake rubutu a ciki, gefen kowace kalmar Norwe akwai rubutu da wani harshe da ba su iya karantawa. Ya tambaya ko zan zo. Na so in ce a'a. Maigidana ne ya ce, «Ki je. In ba ki je ba, abin zai dame ki fiye da in kin je.»

Haka na hau wannan matakala da na daɗe ina tsana, hawa huɗu, ina haki ina tunanin yadda shi yake hawanta da ƙafafunsa. Madam Turid ta buɗe mini, doguwa, farin gashi, ta kama hannuna da hannayenta biyu. Ta zaunar da ni a kujerarsa. Kaye goma sha ɗaya ne, an jera su a kan tebur. Da na buɗe na farko sai na ga Hausa. Ashe shi bai yarda da alamomin da aka koya musu a aji ba, ko kuwa sun yi masa nauyi. Abin da yake yi, idan ya ji kalmar Norwe, sai ya nemo kalmar Hausa mai tafiya kusan irin tata ya rubuta a gefe. Gefen «manoma» ya sa wuyar da ake sha, gefen «wake» ya sa wuyan sarƙa. Haka shafi bayan shafi: kuka, gari, baba, da ɗan bayani a kan wanne yake nufi.

Aikinmu shi ne ita ta faɗi kalmarta, ni in faɗi tawa, malamin yana ɗaukar murya. Litinin shida na yi ina zuwa, don ranar ce kasuwa ba ta cika. Tsohuwa 'yar Norwe da mai sayar da shadda 'yar Damagaram, muna zaune muna jefa wa juna kalmomin da ba su haɗa komai ba sai hawa da saukar murya. Sau da yawa ni ban ji kamar da ake cewa akwai ba. Amma wani lokaci, ba zato, sai in ji ta, kamar mutum biyu da ba su san juna ba sun taka rawa iri ɗaya. In na nemi in sake ji kuma, ta gudu.

Wata rana muka iso kan wata kalma da ya zagaye da jan biro, morsmål. Ya rubuta ta sau biyu, ya ja layi a wurare daban-daban, ya soke ɗaya. Madam Turid ta ce sun yi rabin safiya a kanta: harafin s ɗin nan na tsakiya, na gaɓar farko ne ko na ta biyu? Ta ce na farko ne, don shi ke nuna mallaka, kalmar kuwa ma'anarta harshen uwa. Ta ce da ta gaya masa haka, sai ya tambaye ta ko bayan shekara hamsin a Faransa har yanzu da harshenta take mafarki. Ta ce a nan ta gane ba kalmomi kawai yake zuwa ɗauka ba. Tun rasuwar mijinta, in ji ta, shi kaɗai ne mutumin da ke zama ya saurare ta tana magana da bakin mahaifiyarta. Ni da na ce ya ƙare a kan mutanen da ba su san yana duniya ba, sai na rasa inda zan sa idona.

Ba duk rubutun gefen ne na aiki ba. Nan da can akwai abin da ya rubuta wa kansa, wanda ba na fassara musu, sai dai in ce wannan ba na ciki ba ne. «Yau ƙafa ta ƙi.» «A sayi shinkafa.» «Inna ta ce in sa rigar sanyi.» A kaye na goma na iso shafin da ya biyo bayan Salla. A sama ya rubuta, da ƙaramin rubutunsa: «Yaya tana da gaskiya.» A ƙasa da shi kuma, ba tare da ya tsallake ko layi ɗaya ba: «Alhamis, ƙarfe goma, kalmomi masu gaɓa huɗu.»

Na rufe kayen na ce ina son ruwa. Har yau ban san abin da zan yi da wannan shafi ba. Da ya rubuta cewa na zalunce shi, da na san laifina na riƙe shi. Da ya rubuta cewa zai bar karatun, da na ce maganata ta yi aiki, ko da ta zo a makare. Amma ya yarda ina da gaskiya, kuma ya ci gaba da abinsa. Ke nan ya san kwanakin kaɗan ne, ya auna su da idonsa buɗe, ya ga nan ne ya fi so ya zuba su. Ni kuwa da na goya shi, ban san shi ba ke nan? Ko kuwa na san shi, abin da yake so ne ban taɓa yarda ya isa a so ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni a zatona ɗakin namu ne mu biyu.

Aikin ya fito daga baya a wata mujallar masana, da sunansa a gaba, na malamin a baya. An aiko mini da guda. Da Ingilishi aka rubuta, ba na ji, sai dai na ga kalmominmu na Hausa a tsaye cikin jadawali, da sunana a ƙasan shafin farko cikin ƙananan baƙaƙe. Malamin ya ce wasu sun yarda da abin da Mutari ya kawo, wasu sun yi gardama, kuma a wajensu gardamar ma girmamawa ce. Na aika wa Inna hoton shafin. Ta ce a karanta mata sunan, aka karanta, ta ce to Alhamdu lillahi, ta sa aka yi sadakar waina.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu wayar da ke hannuna in na rubuta mata kalmar Norwe sai ta faɗe ta da muryar mace, in na rubuta Hausa ma ta yi ƙoƙari. Rannan a shago na rubuta mata «wuya» don in ji wacce za ta zaɓa. Ta faɗi wani abu a tsakani, wanda ba wuyan sarƙa ba ne, ba kuma wahala ba. Shin da ya yi dariya, ko da ya ce ga aiki ya samu? Wataƙila ma da ilimin na'urar da ya bari da wannan da ya kama sun haɗu a wuri guda, ya zama ni ce ban hango ba. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba; ban san me ake cewa idan babban ne ya tsaya a ƙasa ba. Haka kuma idan na ji matasanmu da aka haifa a nan suna Hausa a shimfiɗe, kowace kalma nauyinta a ƙarshe kamar Faransanci, sai in ji kunnena ya motsa. A da ba na ji. Shi ya bar mini wannan, kuma ban tabbata alheri ya yi mini ba, don yanzu ina jin abin da ba ni da maganinsa.

Ban daina zuwa Lyon ba. Duk shekara a irin wannan lokaci nakan je in yi masa addu'a a kabarinsa, in biya wajen Madam Turid. Shekara biyu ke nan da aka mayar da ita gidan kula da tsofaffi, don mantuwa ta kama ta. Faransancin da ta yi shekara hamsin tana yi ya zube mata kaɗan-kaɗan, har ya ƙare. Abin da ya rage a bakinta harshen da ta tashi da shi ne, kuma babu mai jin sa a gidan. Makon jiya da na je, na same ta zaune kusa da taga tana ta maimaita wata kalma, ranta a ɓace. Matar da ke kula da ita ta ce tun safe take faɗinta, an kawo ruwa, an kawo bargo, duk ta ture. Na saurara. Ni harshen Norwe ban iya gaisuwa da shi ba ma. Abin da na sani 'yan kalmomi ne haɗaɗɗu da suka maƙale mini daga kayen nan, ba su fi arba'in ba. Sai ga shi wannan tana ciki. Lesebriller. Tabarau na karatu. Muka duba, muka same shi ya faɗa bayan gado.

Na miƙa mata ina faɗin kalmar, don ta san na ji. Ta karɓa, ta ɗaga yatsa ta girgiza kai, ta sake faɗa mini a hankali, tana danna gaɓar farko. Ashe a ƙarshe na sa nauyin. Na gyara, ta gyaɗa kai.

Da ta sa tabaran ta dube ni sosai, ta daɗe tana dubana. Sannan ta yi wata doguwar magana da harshenta, muryarta na hawa tana sauka, kuma a tsakiyar maganar na ji sunan Mutari, sarai, yadda muke faɗinsa a gida. Ƙarshen maganar ya ɗaga sama, na gane tambaya ce. Ta tsaya tana jira. Wayata na cikin jaka, da na ciro ta wataƙila da ta fassara mini, amma ban tuna da ita ba sai da na shiga jirgin ƙasa. Ban da haɗaɗɗun nan, na san kalmarsu ta «i», sai na faɗe ta. Fuskarta ta saki, ta shafa bayan hannuna, ta juya ta ci gaba da kallon taga.

To ga abin da ya rage na ƙanena, iyakar abin da na iya tattarawa: takarda da ba na iya karantawa, kaye goma sha ɗaya a cikin akwatina, uwa a Damagaram da har yanzu take ce wa baƙi ɗanta malamin Turawa ne, da wata tsohuwa da ta manta sunan mijinta da titin gidanta amma nasa yana nan a bakinta. Ko wannan ya kai nauyin shekara talatin da biyu, ni ba ni da ma'aunin, kuma na daina cewa ina da shi. Allah da ya ba shi wannan kunne ya fi ni sanin abin da ya ba shi don shi. Ya Allah ka sanyaya masa makwanci, ka hutar da gaɓoɓin da ba su huta a duniya ba.

Tun daga Lyon har Paris ina ta tunanin me ta tambaye ni. Ko yana lafiya? Ko ya gama aikin? Ko zai zo? Ban sani ba. Na dai amsa mata da i a madadinsa, kuma ina fata ban yi masa ƙarya ba.